Ɗan Aljihu Ne Kawai

Duk wanda ya taɓa zaman shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san irin shirun da ke sauka idan mai kaya ya leƙo bayan an riga an yanka. Kekuna ba sa tsayawa, janareta na ta ruri a bakin ƙofa, amma kowa ya kasa kunne. Mutumin zai yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi ƙishirwa, sannan ya gyara murya. "Malam, shaddar nan tawa, na ce ko za a mayar da ita babbar riga? Na ga ta wani abokina ne jiya a wajen tafsiri." Kawuna, wanda ya haura shekara talatin yana ɗinki a Fagge, ba ya jayayya da irin wannan. Hannu kawai yake miƙawa ƙarƙashin tebur ya jawo ƙullin, ya kwance, ya shimfiɗa: ga gaban riga, ga baya, ga hannuwa biyu, ga ƙafafun wando. Mai kaya zai dubi yadinsa a yanyanke, ya yi 'yar dariya, ya ce, "To, a bar shi a kaftanin." Shi ke nan. Almakashi ya gama bayanin da baki zai kwana yana yi.

A shagon nan na tashi. In an taso daga makaranta sai in bi titin Katsina daga gidanmu a Rijiyar Lemo in sauka Fagge, in ɗaura maɓalli, in kai kaya wajen masu bugu, in sayo zare a Ƙofar Wambai. Ɗinkin bai karɓe ni ba. Yau haɗa manhaja ce sana'ata, ni kaɗai, ba kamfani ba albashi: shafin intanet na makaranta, manhajar lissafin kanti, ta kemis, duk abin da ya samu. Kuma ba a mako guda ban yi kishin ƙullin nan na ƙarƙashin tebur ba. Ni ma ina yanka, yankan ma da ba ya komawa, amma ba ni da abin da zan shimfiɗa a gaban mai kaya ya gani da idonsa.

A farkon 2023, lokacin da aka canja fasalin naira, takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, ciniki ya koma na tiransifa da POS, wani Alhaji mai atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko a kira ni. Alat ya yi masa yawa har ya rasa wanne ne kuɗin wane kaya, ga shi kuma tun gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 hankalinsa bai ƙara kwanciya da littafin takarda ba. Muka zauna a kan dila bayan sallar Azahar, da azumi a bakinmu. Ya ce, "Injiniya, abu mai sauƙi nake so. Abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage." Na ce ba matsala. Na faɗi kuɗi, ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na sallama. Nan take ya turo mini kafin alƙalami, na yi masa alƙawarin mako shida bayan ƙaramar Sallah. Kafin alƙalami dai ya shigo, amma shi alƙalamin bai taɓa takarda ba.

Mako na huɗu na kai masa abin da na yi. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka kira maƙwabta su zo su gani. Ana cikin haka sai babban yaron kantin ya ce, "To in mutum ya ce a yankar masa yadi huɗu da rabi fa?" Alhaji ya ce, "Ƙwarai kuwa. Injiniya, a saka rabi. Ai ɗan abu ne." Ga mai kallon allo, rabin yadi ɗigo ne da lamba biyar a bayansa. Ni kuwa na san abin da na aikata. Tun ranar farko na tsara rumbun bayanan a kan cewa ƙirga kaya ake yi, ɗaya, biyu, uku, turmi-turmi. A kan wannan ƙirga aka ɗora rasit, a kanta aka ɗora ragowar kaya, da lissafin riba, da rahoton ƙarshen wata. Yanzu ga dila da ake fasawa a sayar turmi-turmi, ga bandir da ake yanka yadi-yadi, kuma dole manhajar ta san cewa bandir ɗin da aka yanki huɗu da rabi a jikinsa bai ƙare ba, bai kuma cika ba. Allura ta tono garma. Kwana goma sha ɗaya na yi ina farke ɗinkin da na riga na yi, sannan na koma na nuna masa allon da bai bambanta da na da ba sai da ɗigo guda. Ya ce, "Ka gani ko? Na ce maka ɗan abu ne."

Daga nan ƙofa ta buɗe. A saka masu karɓar kaya bashi, da ranar da za su kawo kuɗi. A haɗa da ɗaya shagon na Sabon Gari, yana zaune a Kwari ya ga cinikin can. A hana yara ganin farashin saro. A'a, a bar wa babban yaro ya gani. Manhajar ta riƙa tura wa masu bashi tuni ta WhatsApp. Kuma ba daga baki ɗaya maganganun ke fitowa ba. Alhaji zai turo saƙon murya bayan Asuba, ɗansa da ke karatu a BUK ya turo hoton wata manhajar Indiya da tsakar dare ya ce haka ake yi yanzu, akawu ya kira ya ce shi dai a bar masa rahoto yadda ya saba gani a littafi. Kawu yana da sunan irin wannan aiki: kayan amarya. Miji ne ya sayo yadi, uwa ta kawo, ƙawa ta zaɓi salo, amarya kuma ita za ta saka ta ce ba haka ta ce ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na sefa. A watan Yuli Alhaji ya ce baƙinsa na Maraɗi da Damagaram suna son rasit da kuɗinsu, kuma abin na gaggawa ne, a ajiye komai a yi shi. Na ajiye komai. Mako biyu na yi a kai. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum, aka rufe iyaka, ba a kuma buɗe ba sai Maris 2024. Maɓallin sefa na nan a kusurwar allo, sabo fil, wata da watanni ba wanda ya taɓa shi.

Duk wannan fa a kan kuɗin nan ne da na sallama a kan dila. Duniya kuwa ba ta tsaya jirana ba. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kuma da janareta nake aiki. A tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 700, zuwa Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Sabar da manhajar ke zaune a kai da dala ake biyan hayarta wata-wata, ni kuma da bakina na ce kuɗin shekara guda na cikin cinikin. Aikin mako shida sai a azumin 2024 na miƙa shi. Da na zauna na raba kuɗin da kwanakin da na yi, yaron da ke ɗaura maɓalli a shagon Kawu ya fi ni samu.

Mutanen karkara sun raba aikin gona gida biyu tun kafin a haifi kwamfuta. Akwai aikin yini, a biya ka gwargwadon ranar da ka yi, gona ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Akwai kuma jinga, a yanke kuɗi a kan aikin ɗungurungum, ka gama yau ko jibi, ruwanka. Kowanne da inda yake cizo. A aikin yini mai gona ne ke fargabar a yi masa nawa, a jinga kuwa ɗan ƙwadago ne ke ɗauke da hasara in aikin ya fi yadda ya zata. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin mai jinga ya faɗi kuɗi yana zaune a inuwa ba. Sai ya taka gonar, ya zaga iyakarta, ya duba ciyawar ko tofa ce ko ƙiri-ƙiri. In an gama ciniki mai gona ya nuna wani fegi can bayan kuka ya ce a haɗa da shi, ko yaro ya san sabon ciniki ne. Ni jinga na yi a kan gonar da ba ta da iyaka. Yawancin samarin da ke wannan sana'a a Kano haka suke yi, domin ɗan kasuwa ba ya son jin zancen biya a kan awa, so yake a ce masa nawa ne gaba ɗaya.

Abin da ya ba ni kunya daga baya shi ne, maganar nan tana cikin karatun zaure, na wuce ta ina gyangyaɗi. Malaman fikihu da suka zo babin ijara sharaɗin farko da suka kafa shi ne a san aikin, a san ladan, domin jahiltar ɗayansu garari ne mai ɓata ƙulli. Kuma da wa suka riƙa buga misali? Da tela. Sun tattauna mutumin da ya ce wa maɗinki in ya ɗinka masa yau ladansa dirhami ɗaya, in ya kai gobe rabin dirhami. Sun tattauna wanda ya ce ɗinkin Farisa dirhami ɗaya, na Rum dirhami biyu. Suka yi saɓani, wasu suka halatta, wasu suka ce sai an tsayar da ɗaya. Abin lura a nan shi ne, fiye da shekara dubu da suka wuce mutane sun zauna sun yi ta tufka da warwara a kan cewa canjin salo yana canja lada, canjin lokaci ma yana canja shi. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Amma a Kwari ka ce wa dattijo a rubuta, sai ya dube ka ya ce, "Ba ka yarda da ni ba ne?"

Kada wani ya ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A 1994 wani kamfanin bincike a Amurka mai suna Standish Group ya fitar da rahoton da ya ce kashi 16 cikin ɗari ne kawai na ayyukan manhaja ake gamawa a kan lokaci da kuɗin da aka yanke, kashi 31 kuwa sokewa ake yi kafin a gama. Masana sun yi ta jayayya a kan yadda aka yi ƙidayar, amma dalilan da aka jero a sahun gaba kowa ya san su: ba a fayyace abin da ake so ba, ana ta canja shi, kuma ba a zauna da masu amfani da abin ba. Hukumar FBI, da duk ƙarfinta, ta zuba kusan dala miliyan 170 a wata manhajar adana fayilolin bincike, aka yi ta ƙari da ragi, a 2005 aka watsar da ita ba a mora ba. Da aikina ya ja, Alhaji ya ce in ɗauki yara biyu su taya ni, ai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa a wannan sana'a ƙara mutane a kan aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi. Kawu bai san Brooks ba, amma ba ya ɗaukar sabon yaro a daren 27 ga azumi. Kafin ka nuna masa inda allura take, ka koya masa hannun shagon, ka farke abin da ya karkace, da kai ka zauna ka ɗinka da ka gama riga biyu.

Sai dai in na tsaya a nan na zalunci Alhaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganar rabin yadi gaskiyarsa ce, laifin nawa ne. Da na yi yini ɗaya cur a kantin ina kallon yadda ake ciniki, da kafin La'asar na ga an ɗauko almakashi an yanki bandir. Ban taka gonar ba. Kuma a nan ne kwatancen tela ya fara gurguncewa. Mai kawo shadda ya san kaftani, ya saka ɗari, ubansa ma ya saka. Alhaji bai taɓa saka manhaja ba. Ta yaya zai san inda za ta matse shi tun bai zura hannu a ciki ba? Rabin abin da ya riƙa nema daga baya ba son banza ba ne, ganin abin ne ya koya masa abin da yake buƙata. Wannan ne ya sa wasu masu sana'ar su 17 suka taru a Snowbird ta jihar Utah a Fabrairu 2001 suka fito da tsarin da ake kira ajayil, wanda gundarinsa shi ne a daina yi wa canji kallon abokin gaba: a gina kaɗan, a nuna, a gyara, a ƙara. Telolin mata sun riga su. Su ba sa ɗinke riga tsaf sai an zo gwaji, an tsuke nan, an saki can. Illa iyaka tsarin ya fi dacewa da inda ake biyan yini. Ka haɗa buɗaɗɗiyar ƙofar canji da kuɗin jinga, ka ɗaura wa kanka igiya ke nan.

Shi ma tela ba waliyyi ba ne. Kowa ya san alƙawarin tela. Kawun nan nawa da ke da hujjar almakashi, shi ne kuma zai karɓi ɗinki ranar 20 ga azumi yana sane da cewa ƙulle-ƙullen da ke ƙasa sun fi ƙarfin daren da ya rage, saboda mai kayan abokin mahaifinsa ne, ko limamin unguwa ne ya aiko. Na sha ganinsa daren Sallah ya shige bayan labule, an bar ni in ce ya fita sayen mai. Cutar ɗaya ce da tawa, sunanta "ba matsala". Kalmomi biyu ne da suka fi kowace kalma tsada a bakin mai sana'a. Kunya ce ke fito da su. Mutum sa'an mahaifinka, ya kira ka Injiniya a gaban jama'a, ya sa an kawo maka lemo mai sanyi, da wane baki za ka ce masa sai ya ƙara kuɗi? Ga kuma tsoro a ƙarƙashin kunyar: Kwari wuri ne da magana ke yawo, in ya ce yaron nan ya cika son kuɗi, layi guda ka rasa. Abin da ban hango ba shi ne, wanda ya ce ba matsala sannan ya kai wata goma sha ɗaya, shi ma maganarsa na yawo, kuma ta fi muni.

Yanzu kafin in faɗi kuɗi sai na yi yini a wurin, kuma ana biyana kuɗin wannan yinin, ko da ba ni za a ba aikin ba. Daga nan sai alli. Tela ba ya sa almakashi sai ya zana da alli, domin alli ana goge shi da tafin hannu. Nawa allin takarda ce da biro: in zana kowane allo, ga inda za a rubuta suna, ga inda kuɗi zai fito, ga kamannin rasit. In shimfiɗa su a kan tebur mai aiki ya yi ta canjawa son ransa, kyauta, har sau biyu ko uku. Tun ran gini tun ran zane. In ya gamsu sai in ce masa, "Alhaji, daga yau zan yanka." Wannan jimlar daga shagon Fagge na aro ta, kuma ban taɓa faɗa wa Bakano ita ya kasa ganewa ba. Sannan takarda, shafi biyu, da Hausa. Rabin farko abin da za a yi. Rabi na biyu, wanda ya fi muhimmanci, abin da ba ya ciki: ba shago na biyu, ba manhajar waya, ba kuɗin saba, ba shigar da tsohon lissafi. Kuɗi kashi uku, na farko kafin a fara, na biyu ranar gwaji, na uku ranar miƙawa. Sunan mutum ɗaya tak da maganarsa ce umarni. In kuma na nemi jerin kaya aka yi mako biyu ba a kawo ba, ranar miƙawa ta matsa da mako biyu. Ga dattijon da zai ce ban yarda da shi ba, amsata ita ce, "Ranka ya daɗe, kaina ne ban yarda da shi ba, mantuwa gare ni." Ba ƙarya na yi ba.

Canji kuwa ba ya fasa zuwa, ban ma so ya fasa. Abin da na daina shi ne amsawa a tsaye. In aka ce a ƙara kaza, sai in ce, "Za a iya. Bari in auna, zuwa gobe in faɗa maka." Ba a'a ba ce, ba kuma ba matsala ba ce. Washegari in tura rubutu gajere: ga abin da na fahimta daga saƙon muryarka, zai ci kwana kaza, kuɗinsa kaza, ranar miƙawa za ta koma kaza. In kuwa ranar ba ta motsuwa, to wanne za mu ajiye a cikin na da? Yadi biyar ba ya fitar da kaftani da wando da babbar riga, sai dai a ƙaro yadi ko a haƙura da ɗaya. Ba na taɓa aikin sai ya amsa da rubutu, ko da "to" ce kawai. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta a kotu, amma ba don kotu nake ajiye su ba. Rigimar kasuwa a gaban dattawan layi take ƙarewa, kuma a can ma wanda ya ciro waya ya nuna rana da magana ya fi mai rantsuwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan buƙatun da ke mutuwa da kansu da zarar an rataya musu farashi. Sauran in zuba su a wani shafi da na sa wa suna zagaye na biyu. Da maɓallin sefa ya kwana uku a wannan shafin, da ban yi asarar mako biyu ba.

Akwai kalma ɗaya da ke rikita mu, ita ce gyara. A bakin tela, gyara shi ne a rage tsawon wando ko a saki ƙugu. A bakin mai awo kuwa, gyara shi ne ɗan abin da ake ɗorawa a kan kwano bayan an cika mudu. Mai aiki in ya ce mini a yi masa gyara, sau da yawa duka biyun yake nufi lokaci guda: a canja, kuma a kyauta. Dole ni in rarrabe. In na ce rasit zai haɗa jimla sai ya haɗa ba daidai ba, wannan ɓarnata ce, ko bayan wata uku ne zan gyara ban karɓi sisi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In abin da ya kamata in tambaya ne ban tambaya ba, irin rabin yadi, nakan haɗiye mafi yawansa. In kuwa sabuwar sha'awa ce, sabon ciniki ne. Gyaran mai awo ma ina yi, don ciniki ba ya daɗi in babu shi. Amma ku lura da mai awo a Dawanau ko a bakin titin Kurna: sai ta cika kwano an gani, sannan ta ɗebo da hannunta ta ɗora a gaban idonka. Ba ta ɓoye gyara a cikin mudu. Ni ma in na ƙara wani abu kyauta sai na rubuta shi da kuɗinsa, in ja layi a kai, in ce wannan gyara ne. Kyautar da ba a ambata ba, gobe haƙƙi take zama.

Wuri na ƙarshe da tela ya fi ni sa'a shi ne bakin ƙofa. Riga in ta fita ta fita. Manhaja ba ta barin shago. Waya za ta sabunta kanta wani abu ya karye, banki zai canja tsari, firintar rasit da aka sayo a titin Beirut za ta mutu a sayo wata iri dabam, kuma duk ni za a kira. Saboda haka takardar tana faɗin kwana talatin na gwaji bayan miƙawa, daga nan kuma kulawa kuɗin wata ce, kamar mai gadi. Alhajin Kwari, bayan duk abin da ya faru, yana cikin masu biya, kuma mun fi shiri yanzu da akwai takarda a tsakaninmu fiye da lokacin da babu.

Mutum ɗaya ne tsarin nan bai ci a kansa ba. Bara littafin awon Kawu ya jiƙe da ruwan sama, awon mutane na shekara da shekaru ya dame. Ya kira ni. "Kai ɗan nan, ba za ka yi mini irin abin da kake yi wa mutanen Kwari ba? Suna da awo kawai." Na yi masa a kwana uku, ban karɓi komai ba, wa zai karɓi kuɗin kawunsa? Bayan mako guda ya ce a ƙara hoton yadi. Sannan ranar karɓa. Sannan wanda ya ba da rabi da wanda bai bayar ba. Sannan a raba aska biyu da aska takwas da ɗinkin kwamfuta, kowanne da kuɗinsa. Ran nan na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, ai an riga an yanka." Ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini. "Ina yankan? Nuna mini." Ba ni da abin nunawa. Ya ce, "To ka gani. Ɗan aljihu ne kawai za ka ƙara."

Takardar tawa mai shafi biyu na cikin jaka, ban iya ciro ta ba. Shekaranjiya da daddare ya sake turo saƙon murya, ana jin kekuna a bayansa. So yake in azumi ya kai 25 manhajar ta riƙa tura wa duk mai kaya saƙo da kanta cewa ɗinkinsa ya kusa, har da waɗanda ba a kwance ƙullinsu ba.